Jami'ar Da Ke Cikin Waya: Wa Ya Ba Ta Izini?

Wani ciniki ya buɗe a wannan zamani wanda ba shi da rumfa, ba shi da ranar kasuwa, kuma hajarsa ita ce digiri. Tallarsa na zuwa wa matashi har cikin ɗakinsa ta waya: ka biya kaɗan-kaɗan, ka yi karatu daga gida, ka fito da digiri a fannin zane ko haɗa bidiyo ko tsara tufafi. Waɗanda aka fi yi wa wannan tarko kuwa su ne matasanmu masu sana'ar fasaha, waɗanda Allah ya hore wa basira a hannu, suna cin abincinsu da guminsu, amma kullum ana yi masu gori da cewa ba su da takarda. Mai zane a kwamfuta yana iya shekara 7 yana aiki, ya ƙware, sai ranar da ya nemi kwangila a wata ma'aikata a ce masa ina shaidar karatunka. Wannan miki shi ne 'yan cinikin digiri suka gano, kuma a kansa suke zuba gishiri.

Tun farko muna so a fahimce mu: ba karatu daga nesa muke suka ba. Jami'ar Afirka ta Kudu, wato UNISA, ta fara koyarwa ta hanyar wasiƙa tun 1946, Ingila kuma ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, kuma babu mai hankalin da zai ce waɗanda suka fito daga cikinsu jahilai ne. A nan Nijeriya an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo. A 2023 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba wa buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu guda 4 lasisi: Miva da Al-Muhibbah a Abuja, Iconic a Sakkwato, da West Midlands a Ibadan. Saboda haka ƙofar halal a buɗe take. Mas'alarmu ita ce masu shigowa ta katanga.

To wa yake da ikon ba da izini? Dokar da ta shata mafi ƙarancin ma'aunin ilimi, wadda aka yi a 1985, aka kuma yi mata gyara a 1993 domin ba wa masu zaman kansu damar kafa jami'a, ta sa wannan al'amari a hannun Gwamnatin Tarayya ta hanyar NUC. Jami'o'i masu zaman kansu na farko a ƙarƙashin wannan tsari sai a 1999 suka sami lasisi. Ko yanzu ma, lasisin da ake fara bayarwa na wucin gadi ne, na shekara 3, ana sa ido a ga kamun ludayin makarantar.

A nan ne shubuhar take, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Abubuwa 3 ne mabambanta waɗanda masu talla suke cakuɗawa da gangan. Akwai rajistar kamfani a hukumar CAC, wadda mai gidan burodi ma yana da ita, kuma ba ta ba wa kowa ikon ba da digiri. Akwai lasisin zama jami'a. Akwai kuma amincewa da kowane fanni a karan kansa, domin jami'a tana iya zama halattacciya amma ta buɗe fannin da NUC ba ta duba malamansa da kayan aikinsa ba. Idan matashi ya tambayi mai talla ko an yi masu rajista, sai a turo masa hoton takardar CAC da tambarin gwamnati a kai, shi kuwa ya ga doki biyu da gaggafa sai zuciyarsa ta kwanta. Bai sani ba an amsa masa tambayar da bai yi ba, an bar wadda ya yi.

Na waje kuwa nasu salon ya fi zurfi. A Amurka ba gwamnati ce take tantance jami'o'i kai tsaye ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu suke yi, su kuma ma'aikatar ilimi ko majalisar CHEA ta amince da su. Sai 'yan damfara suka ga kafa: mutum ya ƙirƙiri jami'a da hannun dama, ya ƙirƙiri ƙungiyar tantancewa da hannun hagu, wannan ta yi wa waccan shaida. Ɗalibin da ya zauna gaban malamai ya san wannan ba sabon abu ba ne. Ijaza ba ta da ƙima sai an san wanda ya ba da ita, an kuma san daga wa shi ma ya karɓa, kuma ba a taɓa karɓar shaidar wanda ba a sani ba a kan wani wanda ba a sani ba. Ƙa'idar ɗaya ce ko a zaure aka yi karatun ko a intanet.

Wanda yake ganin muna zuzuta abin, to ya tuna da abin da ya faru a ƙarshen 2023. Ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digirin aikin jarida daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa sama da mutum 22,000 ne suke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i 8 kacal gwamnati ta amince da su a can, 5 a Benin, 3 a Togo. Waɗancan makarantu suna da gini da allo da adireshin da za a iya zuwa, amma haka ta faru. Ina ga wadda duk jarinta shafi ne a intanet, wanda za a iya goge shi cikin dare ɗaya?

Wani zai ce: mai fasaha me ya haɗa shi da lasisi? Ai aikinsa ne shaidarsa. Mun yarda da rabin wannan magana. Mai neman a tsara masa bangon littafi ba ya tambayar digiri, aikin da ka yi a baya yake dubawa. Kuma akwai darussa na gaskiya a intanet, na wata 3 ko 6, waɗanda suke koyar da sana'a sosai, suna kuma faɗa ƙarara cewa takardarsu ta kammala kwas ce ba digiri ba. Waɗannan ba mu da ja da su. Amma daidai wannan hujja ce take kayar da mai cinikin digiri. Idan ƙwarewa kake nema, ba ka buƙatar takardarsa. Idan kuwa takarda kake nema domin aikin gwamnati, ko bautar ƙasa, ko ƙaro karatu, to tasa ba za ta shige ko'ina ba. Ta kowace fuska ka duba, kuɗin da aka tara da ɗinki ko da zaman dare a gaban kwamfuta sun tafi a banza, kuma mai riƙe da takardar, ba mai sayar da ita ba, shi ne za a kira mai ha'inci ranar da aka yi tankaɗe da rairaya a wurin aiki.

Hukuma ma ba za mu wanke ta tas ba. Ɗaliban shari'a na NOUN, jami'ar gwamnati da kanta, sun shafe shekaru ana hana su shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, har bayan an yi wa dokar jami'ar gyara a 2018. Idan hukumomin gwamnati ɗaya ba su daidaita a tsakaninsu ba, yaya za a zargi matashi da ruɗewa? NUC takan fitar da jerin haramtattun jami'o'i, amma da Turanci, a inda mai ɗinki a Kantin Kwari ba zai gani ba, alhali mai damfara yana tallarsa da Hausa garau, da murya mai daɗi. Muna kira da a riƙa karanta wannan jeri a gidajen rediyo da harsunanmu, a kuma gurfanar da masu laifin, kada a tsaya ga buga sunayensu kawai.

Ga matashin da yake riƙe da kuɗinsa yanzu, shawararmu ita ce kada ya biya ko kobo sai ya ga sunan makarantar a jerin NUC da idonsa, ya kuma tabbatar an amince da ainihin fannin da zai karanta. Idan ta waje ce, ya tuntuɓi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin ya fara, ba bayan ya gama ba. Wanda kuwa sana'ar ce gabansa, ya sani hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, inda ake auna mutum da abin da hannunsa ya iya, har da wanda a wurin maigidansa ya koya.