Anko Muke Tanada, Ba Kuɗin Mota Ba

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Kucheri, Tsafe, Bungudu da Gusau. Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba, wadda ta ji zafi ta yi haƙuri.

Idan aka ce gobe akwai taro a Gusau, cikin dare ɗaya muke cika motoci, kowa da ankonta. Amma idan naƙuda ta kama ƙanwarmu da ƙarfe biyu na dare, sai a fara tambayar wa ke da mota, wa ke da kuɗin mai. Haba mata! Dukkanmu mun san halin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, mun san direba nawa ne zai yarda ya bi ta Wanzamai ko Magazu da dare. Wata tara Allah Ya ba mu na shiri, sai mu ƙarar da shi a kan atamfar suna da kayan barka.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duniya, a Najeriya suke. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Za a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne, amma a Islamiyya an koya mana neman magani ba ya kore tawakkali.

Mai gida da ke hana awo, ko ya yi tafiya bai bar izini ba, ku tura masa wannan saƙon. A nemi izinin zuwa asibiti tun cikin yana ƙarami, a gaban uwarsa, yadda ko ba ya gari ba mai cewa a jira shi. A wurin awo ne ake gane hawan jini kafin ya zama jijjiga, ake ba da maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Wadda aka ce haihuwarta na da haɗari, ta koma wurin dangi a Tsafe ko Gusau tun watan ya kama, kusa da Asibitin Sarki Fahad ko na Yariman Bakura. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ku tambaya wane asibiti ke yi, haƙƙinku ne.

Sai mu iyaye. Yarinya 'yar fari ta kwana tana naƙuda a ɗaki, muna yaba mata wai jaruma ce mai kunya. Wannan kunyar ce ke kai 'ya'yanmu Babbar Ruga a Katsina neman maganin yoyon fitsari. Bayan ta sauka kuma mu ɗura mata kunun kanwa, mu watsa mata tafasasshen ruwa har kwana arba'in. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da wannan zafin da ciwon zuciyar masu jego. Ruwa mai ɗumi ya isa, wallahi. Dakashi kuma ba dauɗa ba ne, a ba jariri da an haife shi, a bar shi da nono zalla wata shida. Cibiya a shafa maganin asibiti, ban da toka ko man goge baki.

Shugabar mata ta kowace mazaɓa ta turo min sunayen masu ciki na yankinta kafin Juma'a, da direbobi biyu da suka amince a tashe su ko da dare, da maza uku masu ba da jini. Kuɗin ankon taro na gaba, rabi zai shiga asusun haihuwa. Wadda ba ta yarda ba ta zo ta faɗa a gaban kowa.

Ku tura wa sauran mata. Wassalam.