Dashen Gwiwa: Ba Kowane Zafi Ake Haƙuri Da Shi Ba

Duk wanda ke sallah a masallatan Daura da kewayenta ya lura da yadda kujerun roba ke ƙaruwa a gefen sahu. Galibin dattawan da ke zama a kansu ciwon gwiwa ne ya kai su, wato zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Idan abin ya yi nisa, man shafawa da ƙahon wanzami da ƙwayoyin kemis ba sa mayar da abin da ya zaizaye. A nan ne likitocin ƙashi ke kawo zancen dashen gwiwa: a kankare bakin ƙasusuwan da suka lalace, a rufe su da ƙarfe, a sa roba mai ƙarfi a tsakaninsu.

A da, da an ambaci wannan aiki sai hankali ya tafi Indiya ko Masar. Yanzu ana yin sa a gida Najeriya, har da Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, kuma mutumin Daura kan isa can cikin kimanin awa biyu ta hanyar Kazaure. Iyalai kan tattauna kuɗin aiki, da sunan likitan tiyata, da wanda zai zauna jinya. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne yadda za a yi da raɗaɗin da ke biyo bayan aikin, alhali nasarar aikin ta rataya a kansa.

Dashen gwiwa na cikin ayyukan tiyata mafiya zogi. Duk da haka likitoci na son majinyaci ya miƙe ya taka ƙafarsa a ranar da aka yi aikin ko washegari, kuma ya fara lanƙwasa gwiwar ba tare da jinkiri ba. Kwanciya na jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu ya yi kisa. Gwiwar da aka bari ba motsi a makonnin farko kuwa kan sandare, wani lokaci har sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. To, wanda zafi ya hana shi rintsawa, ta yaya zai yarda mai gashin ƙashi ya taɓa masa ƙafa?

An rene mu a kan cewa namiji ba ya raki, dattijo ba ya kuka gaban 'ya'yansa, uwa kuma ta cije ta ɓoye ciwonta don kada ta tayar wa iyali hankali. Wannan tarbiyya ce mai kyau a inda ta dace. Amma a gadon asibiti, dattijon da aka tambaya yaya jiki ya ce da sauƙi alhali gumi na karyo masa, ya ɓoye wa likita bayanin da zai yi aiki da shi. Haƙuri da ƙaddara daban, ƙin faɗar ciwo ga mai magani daban.

Hanyar da likitoci suka fi dogara da ita a yau ita ce allurar sumar da jijiya. A Hausa kalmar jijiya na ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya: akwai jijiyar jini, akwai agara, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙon ji daga gaɓa zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan ta ƙarshe ake nufi. Likitan sa barci kan ɗora na'urar hoto, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a kan cinya, ya ga jijiyar da idonsa, sannan ya zuba maganin kashe zafi a kewayenta. Jijiyar sai ta daina kai saƙo na wani lokaci, galibi tsakanin awa 12 zuwa 24, gwargwadon maganin da aka sa. Ba a yanke ta, ba a kashe ta; idan maganin ya saki, ji ya dawo. A wasu asibitoci akan bar siririn bututu a wurin don a ci gaba da ɗura maganin kwana biyu ko uku. Kada a haɗa ta da allurar ƙashin baya, wadda ke sumar da mutum daga ƙugu zuwa ƙasa lokacin da ake aikin, ta kuma saki bayan 'yan awoyi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1884 wani likitan ido, Karl Koller, ya nuna a birnin Biyana cewa ana iya sumar da ido a yi masa aiki mutum na farke, kuma ba a daɗe ba William Halsted a Amurka ya fara zuba magani kai tsaye a kan jijiya. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne na'urar hoto ta rage lalube, sannan an gane inda ya fi dacewa a yi allurar. Da farko a matsematsi ake yin ta, a kan babbar jijiyar cinya. Tana kashe zafi sosai, amma tana raunana naman gaban cinya, wanda shi ke riƙe gwiwa idan mutum ya tsaya, don haka majinyaci kan iya faɗuwa. Yanzu an fi yin ta a tsakiyar cinya ta ciki, inda ake samun reshen da ke ɗauke da ji, a bar wa naman yawancin ƙarfinsa. Likitan tiyata kuma kan zuba magani a kewayen gwiwar kafin ya ɗinke, domin zafin bayan gwiwa ta wata jijiyar yake bi.

Allurar tana da nata haɗarin, ko da yake ba kasafai ba: taɓuwar jijiya, zubar jini, ko maganin ya shiga jini. Shi ya sa dole ne majinyaci ya faɗa wa likita idan yana shan maganin tsinka jini, ko yana da ciwon suga da ya taɓa masa ƙafafu. Sai kuma abin da mai jinya ya kamata ya riƙe: lokacin da allurar ta saki, zafin kan dawo da ƙarfi, sau da yawa cikin dare. Magungunan da aka rubuta a sha su a kan lokaci tun ƙafar na sume, kada a jira sai ihu ya tashi. Kada kuma a bar majinyaci ya sauko daga gado shi kaɗai don ya ji ƙafarsa ta yi shiru.

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya shafe mu fiye da wasu. Binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan magunguna irin su taramol da kodin ba bisa umarnin likita ba, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Majinyacin da aka sallama ya koma Baure ko Zango ko Mai'aduwa da zafin da ba a tsara masa yadda zai yi da shi ba, kemis ɗin unguwa zai nufa. Ƙwayar da aka sayo wa kaka kuma ba lallai ba ne ta tsaya a ɗakin kaka. Sumar da jijiya na rage yawan irin waɗannan magunguna da majinyaci ke buƙata a kwanakin farko, tare da amai da jiri da taurin bayan gida da suke jawowa.

Sai dai allura ba ta yin kanta. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce kowane mutum 100,000 na buƙatar aƙalla irin waɗannan likitoci biyar. A Najeriya ba su kai ɗaya ba. Daura ta samu sabbin gine-ginen lafiya a 'yan shekarun nan, ciki har da asibitin sojin sama da aka buɗe a 2019. Kiranmu ga gwamnatin Katsina da ta tarayya da masu hannu da shuni na masarautar shi ne su ɗauki nauyin 'ya'yanmu su ƙware a fannin sa barci da gashin ƙashi, a kuma tanadar musu na'urar hoto a ɗakin tiyata. Ko da a Kano aka yi aikin, a gida ake watannin motsa gwiwar, kuma wannan gwaninta za ta amfani wanda ya karye a haɗarin babur kamar yadda za ta amfani dattijo.

Ga iyalan da ke shirin kai nasu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemi ganin likitan sa barci tun kafin ranar aiki. Ku tambaye shi ko za a yi wannan allura, wace iri ce, awa nawa za ta ɗauka, me za a ba majinyaci idan ta saki, da wane magani zai koma gida da kuma ranar da zai daina shan sa. Tambayar ba raini ba ce ga likita. Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin amsa ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.