Na'urar Quell da Ciwon Fibromyalgia: Sauƙi Take Kawowa, Ba Waraka Ba

Fibromyalgia ciwo ne da ke bin jiki gaba ɗaya, ga gajiya, ga rashin barci mai daɗi, kuma ya fi kama mata. Gwajin jini ba ya nuna shi, hoton asibiti ma haka, shi ya sa ake yawan cewa mai shi raki kawai yake yi. Likitoci na ganin matsalar tana ga ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, tamkar wayar da aka ƙure wa sauti.

A shekarar 2022 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Quell, na'urar kamfanin NeuroMetrix, don rage raɗaɗin wannan ciwo. Ana ɗaura ta a sharaɓa, ƙasa da gwiwa. Tana tura 'yar wutar lantarki ta fata zuwa jijiyoyi, domin ta zaburar da hanyoyin da jiki ke danne zafi da kansa. Da manhajar waya ake saita ƙarfinta.

Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Ƙwayoyi irin su pregabalin na sa jiri da ƙiba, ga shi a Najeriya har matasa sun mai da shi abin maye. Duk abin da zai rage dogaro da ƙwaya alheri ne.

Sai dai talla daban, bincike daban. An gwada na'urar a kan mutum 119 na tsawon wata uku, wasu da ta gaske, wasu da ta bogi. A babban ma'aunin binciken, bambancin ɓangarorin biyu bai kai ya zama hujja ba. Amfanin ya fi fitowa ga waɗanda jikinsu ya fi saurin jin zafi. Don haka manya masu irin wannan yanayi kaɗai izinin ya shafa, kuma sai da takardar likita.

Nan ne ya kamata matasa su buɗe ido. Ƙananan na'urorin TENS masu araha da ake tallatawa a Facebook da TikTok da sunan maganin kowane ciwo ba su ne aka yi wa wannan gwaji ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa kuwa, kada ma ya kusance su.

Wanda ciwon jiki ya ƙi sakinsa wata da watanni, likita ya kamata ya fara gani, domin wasu cututtukan gaɓoɓi da na maƙoƙo na kama da wannan. Motsa jiki a hankali yana cikin abin da aka fi tabbatar da amfaninsa, kuma ba ya cin ko sisi. Na'ura ta biyo baya.