Ƴan makarantarmu a Rasha: harshen asibiti ya kamata su fara koyo

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hulɗar Nijar da Rasha ta ƙara ƙarfi. Sojojin Faransa sun fita a Disamba 2023, masu horar da soja na Rasha sun sauka Yamai a Afrilu 2024. A fannin ilimi ma ƙofa a buɗe take: a 2023 gwamnatin Rasha ta kai guraben karatu kyauta na ƴan ƙasashen waje zuwa 30.000 a shekara. Amma akwai matsalar da ba a cika tattaunawa ba: yaya yaronmu zai yi in ciwo ya kama shi a Mosko ko Kazan?

Tun ƙarshen Disamba 2021, dokar Rasha ta tilasta wa baƙon da zai wuce kwana 90 ya yi gwajin lafiya, ciki har da na sida da tarin fuka. Ke nan ɗalibi zai haɗu da likita tun kafin ya ƙare shekarar share fage ta koyon harshe, kuma faransanci ba zai fisshe shi ba a mafi yawan asibitoci.

Kalmomin farko ba su da yawa. Likita shi ne "vrach", kantin magani "apteka", takardar magani "retsept". "U menya bolit golova" na nufin kaina na ciwo; in ciki ne, sai a ce "zhivot". Zafin jiki "temperatura". Lambar motar asibiti ta gaggawa 103 ce, ko 112.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci gare mu ita ce "malyariya". Likitan Rasha da ya ga zazzaɓi lokacin sanyi, mura zai fara zato. Ɗalibin da ya dawo hutu daga Maraɗi ko Damagaram bayan damina, in bai faɗi daga inda ya fito ba, ana iya ɓata kwanaki, alhali irin zazzaɓin cizon sauro na ƙasarmu yana iya kisa cikin ƴan kwanaki.

Saboda haka ya dace ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tanadi ɗan horo kafin tafiya, tare da takarda cikin rashanci mai bayyana rukunin jinin ɗalibi da cututtukan da yake da su, kamar sikila. Tsofaffin ɗalibanmu da suka yi karatu zamanin Tarayyar Sobiyet suna nan cikinmu, a nemi taimakonsu. Iyaye kuma su tambayi ƴaƴansu wannan kafin su tambayi kuɗin jirgi.