Bil ɗin bazara a tsakiyar damina: Gyaran da lissafin kuɗin wuta ke buƙata a Dawaki

A Dawaki ta ƙaramar hukumar Rano, da maƙwabtanta irin su Rurum da Saji har zuwa Tarai a Kibiya, ko yaro ya san lokacin da gida ya fi shan wuta. Daga Maris zuwa Mayu, muddin an kawo wuta, fanka ba ta hutawa, firji na ta gurnani dare da rana, masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya na rige-rigen daskarar da kaya kafin a ɗauke. Da ruwa ya sauka sai gari ya yi sanyi, guguwa ta fara kayar da turaku, wani lokaci a kwana biyu ko uku ba a ga ƙyallin ƙwan lantarki ba. Kowa ya san da wannan bambanci, in ban da ƙa'idar da ake bi wajen yi wa mutum lissafi ranar da mitarsa ta mutu.

Abin da hukumar kula da harkokin wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta tanada shi ne: idan mita ta lalace kuma kamfani ya kasa sauya ta cikin kwanaki biyu na aiki, sai a duba abin da mai gidan ya sha ko ya saya a watanni uku da suka gabata, a raba uku, a riƙa cajinsa haka har a kawo sabuwa. Wannan ƙa'ida ta hau kan KEDCO, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, kamar yadda ta hau kan sauran takwarorinsa. A takarda ta yi kama da adalci, tunda da tarihin mutum aka auna shi. Matsalar ita ce wata uku bai kai shekara ba, kuma a ƙasar Hausa wata uku a jere kusan yanayi guda ne.

A ɗauki misalin wani gida da ke shan yunit 1,200 a shekara. A ce a watanni uku na bazara yana shan 150 kowane wata, a watanni huɗu na damina 80, a Oktoba da Nuwamba da zafi ke ɗan dawowa 110, sannan a watanni uku na hunturu 70. Idan mitar gidan ta ƙone a farkon Yuni, abin da ba baƙo ba ne a lokacin tsawa, za a ɗauki 150 a ɗora masa. In ya yi rashin sa'a aka kai ƙarshen Satumba ba a sauya ba, ya biya kuɗin yunit 600 alhali abin da ya sha bai wuce 320 ba. Yunit 280 ke nan na wutar da bai gani ba, a daidai lokacin da magidanci ke neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, rumbu kuma ya kusa ƙarewa.

Wuƙar kuma tana yanka ta ɗaya gefen. Da a farkon Maris mitar ta mutu, da 70 za a riƙa cajin gidan a tsakiyar zafi, ya biya 210 ya sha 450, kamfani ya tafka asarar 240. Don haka wannan ba kukan masu biyan kuɗi kaɗai ba ne. Ƙa'idar ta mayar da lamarin caca, watan da mita ta ga damar mutuwa shi ke yanke wanda zai ci da wanda za a cinye.

Maganin ba wani boyayyen ilimi ba ne, kowane wata a ba shi nauyinsa. A gidan misalin nan, matsakaicin wata 100 ne, saboda haka watan bazara na da nauyin ɗaya da rabi, watan damina kuma kashi takwas cikin goma. Mai lissafi zai fara da abin da gidan ya sha a daminar bara, wato 80. Sai ya kwatanta watanni ukun ƙarshe da mitar ta yi aiki da takwarorinsu na bara, don a gane ko gidan ya ƙaru. Idan bazarar bana 165 ya riƙa sha maimakon 150, wataƙila an yi amarya ko an ƙaro fanka, to ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, ƙiyasin daminarsa ya zama 88. Ɗalibin ƙaramar sakandare zai iya wannan a bayan littafinsa, balle kwamfutar kamfani da ke riƙe da tarihin kowace lambar mita.

A Ingila an shafe shekaru ana haka. Can sanyi ne ke sa a sha wuta, kuma sun kasa masu amfani da lantarki gida takwas, biyu daga ciki na gidajen zama ne, kowane rukuni da tsarin yadda shansa ke hawa da sauka bisa lokacin shekara da yanayin zafi ko sanyi. Da shi ake rarraba ƙiyasin shekara a kan kwanakin da ba a karanta mita ba.

Sai dai kwafo tsarin Turawa kai tsaye ba zai yi aiki a Rano ba, kuma a nan ne aikin yake. Na farko, azumi. Watan Ramadan na ɗaya daga cikin lokutan da aka fi shan wuta a gidan Bahaushe: a tashi sahur, a sanyaya ruwan buɗa-baki, masallatai su kunna lasifika da fitilu har tsakar dare a goman ƙarshe, teloli su kwana a kan keke da dutsen guga. Amma azumi ba ya zama wuri ɗaya a kalandar bature. A 2024 an ɗauke shi ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris, haka yake matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Lissafin da ya ce Afrilun bana daidai yake da Afrilun shekara uku baya zai yi tuntuɓe a nan.

Na biyu, sana'a. Mai injin niƙa ko casar shinkafa kakarsa ce lokacin shan wutarsa, ba bazara ba. Gidan da ke dafa ruwan wanka da hita kuwa, hunturu ne ke cinye masa yunit. Nauyin wata na mai ƙanƙara ba zai dace da na mai walda ba, shi ya sa tarihin mai mitar kansa ya fi kowane jadawalin gama-gari, in dai akwai shi na shekara guda.

Na uku shi ne mafi girma: ba a shan wutar da ba a kawo ba. Tun 2020 aka kasa layukan wuta rukuni biyar, daga na A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa na E mai awa huɗu. Idan taransifomar unguwa ta yi mako biyu a kwance, babu tarihin da zai halatta bil na cikakken wata. Dole ƙiyasi ya tafi da yawan awannin da wuta ta zauna a layin, kuma kamfanoni na da hanyar sanin wannan, tunda da shi ake tantance rukunin kowane layi.

Masu suka za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, a ba kowa mita a huta. Gaskiyarsu, kuma babu mai jayayya. Amma an ƙaddamar da shirin samar da mita ta hannun 'yan kasuwa a 2018, an biyo da na raba mita kyauta a 2020, duk da haka zuwa ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da ita. Waɗannan su ma ƙiyasi ake yi musu, bisa iyakar da NERC ta fara gindayawa a Fabrairun 2020, wadda ake fitarwa daga abin da masu mita a layinsu suka sha. A Fabrairun 2024 sai da hukumar ta sanar da zaftare naira biliyan 10.5 daga kuɗin shigar kamfanoni goma sha ɗaya saboda tsallake wannan iyaka. Ƙiyasi dai zai daɗe tare da jama'a, gara a gyara shi.

Akwai wata sukar da ta fi wannan nauyi, cewa lissafi mai rassa da yawa maɓoya ce ga mai son ha'inci. Raba uku kowa na iya bi ya gano ƙarya, amma da zarar an shigo da nauyin wata, ma'aikaci na iya faɗin duk abin da ya ga dama. Amsar ita ce a buga komai a jikin bil ɗin ko a saƙon waya: ga abin da ka sha bara war haka, ga ƙarin da aka yi da dalilinsa, ga awannin da aka ba layinku wuta. Kuma ranar da aka saka sabuwar mita, a waiwayi watannin ƙiyasi a daidaita, mai rara a mayar masa da yunit.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun mai gida. Mita mai kati na nuna wa kamfani abin da aka saya ne, kuma manomi kan loda da yawa bayan ya sayar da amfanin gona, ya yi watanni bai sake saye ba. In mitar ta mutu bayan irin wannan lodi, raba ukun zai nuna shi a matsayin babban mashayin wuta. Ɗaukar hoton fuskar mita a farkon kowane wata da adana rasit ko saƙon sayen kati ba ya cin ko sisi. Da su ake zuwa sashen ƙorafi na kamfani, in ba a gamsu ba a wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC da ke Kano.