Kafin mu lulluɓe kwano, mu bar wa iska hanya



Duk wanda ya taɓa wuni cikin shagon kwano ko kontena a watan Afrilu ko Mayu, a Tahoua ne ko a Yamai, ba sai an ba shi labari ba. A waje zafi ya haura digiri 40, ciki kuwa kamar tanda. Shi ya sa yanzu kowa ke neman abin da zai manna wa bangon tol daga ciki: wani kwali, wani zana, wani tsohon soso, mai hali ya sa farin soson nan polistiren ya rufe da katakon plafon. Ba mu ga laifin kowa ba, zafin ba na wasa ba ne. Amma muna ganin da yawa daga cikinmu gyaran gangar Auzinawa muke yi: mu kori zafin bazara, mu gayyato danshin damana.

Ga yadda abin yake. Ku dubi ledar ruwan sanyi in an fito da ita daga firji, nan take sai ta fara jiɓi. Ba yoyo take ba, danshin da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. To haka kwano yake. Da dare yakan huce da sauri, ya fi iskar ɗakin sanyi. A watan Agusta, lokacin da iska ta cika da laima, ga numfashin masu kwana, ga gero ko waken da bai gama bushewa ba, sai raɓa ta kwanta a jikin kwanon ta ciki. In bangon a buɗe yake, hantsi na yi ta bushe. In mun rufe shi da kwali ko soso, ruwan ya samu maɓoya. Daga nan sai tsatsa ta fara ci, katako ya ruɓe, gara ta samu gida, ɗaki ya ɗauki warin rima. Kuma abin da aka sa don tare zafin, da zarar ya jiƙe, ya daina aikinsa.

Wa ke asara? Mai shagon da zai iske buhun sukari ko siminti ya dunƙule. Manomin da ya ajiye wake yana jiran kuɗinsa ya tashi, ya buɗe ya ga furfura. Da yaran da ke kwana suna shaƙar wannan iska.

Wani zai ce ƙasarmu ai busasshiya ce, wata tara ba ruwa. Gaskiya ne. Amma wata ukun nan sun isa, balle a Maradi da kudancin Zinder. Ƙusa ɗaya mai yoyo a bayan plafon kan yi ɓarnar da ba a gani sai ta gama.

Hanya biyu ce. Ko dai a bar rata kamar faɗin yatsa uku tsakanin kwano da rufin ciki, da kafa a ƙasa da sama, a sa raga saboda ɓera da ƙadangare, iska ta riƙa shiga tana fita. Ko kuma a manne soson ƙam a jikin kwanon, ba gurbi ko kaɗan. Wanda ke tsakiya, rufaffen gurbin da iska ke shiga ba ta fita, shi ne matsalar. Kada kuma a ƙara leda da sunan kariya, kwano da kansa ba ya numfashi. Kafin komai, a toshe yoyo, a shafa farin fenti ta waje, a samo inuwa.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina lakwal a 2001, ya ɗaga kwano sama da rufin ƙasa, iska na ratsawa tsakani. Kakanninmu ma sun ɗora rumbu bisa duwatsu don kada sanyin ƙasa ya kai ga hatsi.

Kiranmu ga magina da masu walda: ku gaya wa mai aiki gaskiya ko da kuɗin zai ƙaru. Mu kuma masu ba da aiki, kafin mu biya, mu yi tambaya ɗaya: malam, in ruwa ya shiga bayan nan, ta ina zai fita?

Allah ya ba mu damana mai albarka.