Arewa: Ana Biyan Kuɗin Hanya, Ramuka Na Nan Daram

Duk motar da ta taso daga Dosso ta nufi Birnin Ƙwanni a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, sai direbanta ya biya kuɗin hanya. Ba a yafe masa ko dala. Tun 1999 aka kafa asusun CAFER domin kuɗin gyaran hanyoyi su daina narkewa cikin baitulmali, a 2017 kuma FER ya gaje shi. Amma manomin dankalin Dogon Dutsi ba da sunan asusu yake auna aiki ba, da kuɗin motar da zai biya kafin buhunsa ya kai Yamai yake aunawa.

In an tambayi hukuma sai ta jero miliyoyin da ta kashe, sai ka ce yawan kuɗi shi ne lafiyar hanya. Ina! Lokacin da aka kashe su ya fi yawansu muhimmanci. Ƙaramar tsaga a kwalta, in an toshe ta da rani, aikin leburori ƙalilan ne. In aka bar ta ta sha ruwan Agusta, ruwa ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, kwalta ta ɓare, to sai sabon gini, da bashi daga waje, da bikin aza harsashi. Wa ya taɓa ganin minista ya gayyato ƴan jarida domin yasar magudanar ruwa?

Ga kuma lodi. A 2005 ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyin babbar mota zai ɗauka. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. Ke nan wanda ya kau da kai ga tirela mai lodin wuce kima ya cinye kuɗin gyara tun kafin a fitar da su.

Hanyoyin jar ƙasa na ƙauyukan Tibiri da Gesheme da Dumega kuwa, in damina ta sauka a Dallol Mauri, mace mai naƙuda ce ke biyan bashinsu a kan amalanke.

A liƙa takarda a ofishin kowane magajin gari na Arewa: kilomita nawa aka gyara a shekara, a wane wata, wane ɗan kwangila, nawa aka ba shi. Direbobin tashar Dogon Dutsi sun san kowane rami da wurinsa, su za su duba lissafin.